Abin da sana'ar sobolo ta koya mini game da bututun sanyaya tukunya

Sobolo shi ne sunan zoɓon sha a Ghana. Wanda ke yin tsami ko kumfa a gora tun kafin a sayar, mai yiwuwa a wurin hucewa ya lalace. Tukunya mai lita 20 da aka sauke aka bari ta huce da kanta tana ɗaukar awanni, kuma tsakanin digiri 60 zuwa 5 ne ƙwayoyin cuta suka fi hayayyafa. Mai sana'a a unguwar Aboabo ko Asawase a Kumasi da ke dafawa da dare don kasuwar safe, duk daren nan tukunyarta a wannan zangon take kwana.

Maganin shi ne naɗaɗɗen bututun ƙarfe da ake tsomawa cikin tukunya. Ruwan sanyi na shiga ta baki ɗaya, ya zagaya, ya fita ta ɗaya bakin ɗauke da zafin, bai taɓa abin shan ba. Masu dafa giya a gida a Amurka da Turai ne suka fi amfani da shi, shi ya sa shawarar da za ki gani a intanet kusan duk tasu ce, kuma suna yabon jan ƙarfe. Kada ki bi su. Abin da suke dafawa tsaminsa kaɗan ne, zoɓo kuwa tsaminsa mai ƙarfi ne, balle an ƙara abarba ko lemun tsami. Tsami yana cin jan ƙarfe, ya narkar da shi cikin abin sha, ɗanɗano ya canza, in ya yi yawa ya jawo tashin zuciya da amai. Koren tsatsar da ke fitowa a jikinsa ma ba abin kaiwa ciki ba ce. Bututun na'urar sanyaya ɗaki da ake samu da arha a kasuwa jan ƙarfe ne, a bar wa masu gyaran firiji kayansu. Ki nemi ƙarfe mara tsatsa mai lamba 304 ko 316. Gaskiya ne bai kai jan ƙarfe saurin ɗaukar zafi ba, amma da yake bangon bututun siriri ne, bambancin 'yan mintoci ne kawai.

Ga tukunyar lita 20, bututu mai kaurin inci 3/8 da tsawon mita 7 zuwa 8 ya wadatar. Lita 40 kuwa sai mai rabin inci, tsawon mita 15. In a Suwame Magazin, unguwar makanikai da maƙera ta Kumasi, za a naɗa miki, ki tafi da awon tukunyar: faɗinta da kuma inda ruwa ke tsayawa. Duk zagayen da ya fito saman ruwa asara ne. A naɗa a hankali a jikin wani abu mai da'ira, domin inda bututu ya lanƙwashe ya tsuke, ruwa ba ya wucewa sosai. Bakunan biyu su haura bakin tukunya su sunkuya waje, a ɗaure tiyo da zoben ƙarfe mai sukuru. Dalili kuwa mahaɗar tana ɗiga idan roba ta yi zafi ta saki, to gara ta ɗiga a ƙasa da ta ɗiga cikin abin da aka riga aka dafa.

Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne bututun ba ya iya sanyaya sobolo fiye da ruwan da ke ratsa shi. Ruwan famfon Kumasi ba mai sanyi ba ne, na tankin roba da ya wuni a rana kuwa ɗumi gare shi. Don haka aikin hawa biyu ne. A fara da ruwan famfo har ma'aunin zafi ya nuna digiri 40. Daga nan a cire tiyon, a haɗa shi da ƙaramin injin tura ruwa da ke cikin kula mai ƙanƙara, ruwan da ya fita ya riƙa komawa cikin kular. Sauko da lita 20 daga digiri 40 zuwa 10 yana cin ƙanƙara kilo 7 zuwa 8. Wanda ya fara da ƙanƙara tun tukunya na tafasa zai narkar da fiye da kilo 20, riba ta tafi.

A tsoma bututun minti 10 zuwa 15 kafin a kashe wuta, tafasar ta kashe abin da ke jikinsa. A yi hattara da ruwan farko da zai fito, yana ƙona hannu. A tara shi a baho don wankin gorori da tukwane. Sai juyawa da ludayi mai tsabta, ba fasawa. In an bar tukunyar tsaye, sobolon da ke manne da bututun ne kaɗai ke hucewa, na gefe yana nan da zafinsa. Ki taɓa tiyon fita: in ya yi sanyi alhali tukunya na tururi, ko juyawa ta yi kaɗan ko famfo ya yi ƙarfi da yawa.

Furen zoɓo, citta da kanumfari suna maƙalewa tsakanin zagayen, don haka gara a ƙulle su a ƙyalle mai tsabta a cire kafin a fara sanyayawa. Da an gama a wanke bututun da sabulu da soso mai laushi, a kifa shi ruwan ciki ya tsiyaye. Kada a jiƙa shi a bilic, domin kulorin yana huda ƙarfe mara tsatsa da ƙananan ramuka, kuma ta nan ruwan famfo zai fara zuba cikin sobolo ba tare da an gani ba.