Ranar da na tashi ƙara wa Linux fili a kwamfutata

Ɗan shago gare ni a wajen Ƙofar Ƙaura, ina buga wa mutane takardu, ina tsara katin biki da na suna. Kwamfutar da nake aiki da ita laftof ce 'yar hannu, faifan ajiyarta giga 500, kodayake Windows 465 take nuna mini, don masu ƙera faifai da dubu-dubu suke lissafi, ita kuwa da 1024. Tsarin tafiyar da kwamfuta biyu ne a kanta. Windows ita ce ta neman abinci, Ubuntu 22.04 kuma, wadda wani nau'in Linux ce, na ɗora ta ne don in riƙa koyon Python, yaren rubuta manhaja, da dare in kasuwa ta lafa. Ranar da na ɗora ta na yanka mata giga 40, tunda an ce 25 ma sun isa, na ɗauka har na yi mata kyauta.

Ba a yi shekara ba wurin ya cika. Manhajojin da ake saukewa ta snap, wata hanyar ɗora manhaja a Ubuntu, kowace na ajiye tsohon zubinta, ga littattafai da bidiyon darasi da nake ta tarawa. Da farko gargaɗi take yi mini cewa fili ya kusa ƙarewa, ina kawar da kai. Wata safiya na rubuta kalmar sirri, fuskar ta yi baƙi, ta dawo da ni wurin rubuta kalmar sirri. Na sake, haka. Ashe in fatishan ɗin Linux, wato yankin faifan da aka ware mata, ya cika maƙil, ko ɗan fayil ɗin da take buƙatar rubutawa don ta shigar da kai ba ta samun inda za ta sa shi. Na lallaɓa na share wasu abubuwa ta buɗe, amma na san magani na ɗan lokaci ne. Ga Windows can zaune a kan giga sama da 400, rabinsu babu kowa.

Yayana shi ya fara koya mini kwamfuta, don haka na kira shi. Bai bari na gama bayani ba ya ce, "Ka kwashe kayanka tukuna?" Na ce, "Yaya, ai ba gogewa zan yi ba, matsarwa ce kawai." Ya ce, "Kai dai ka kwashe. Ka zo gida ka karɓi faifaina na waje." Da yamma na hau babur na je Sabuwar Unguwa na karɓo. Na kwafe takardun kwastomomi daga Windows, na shiga Ubuntu na zaɓi duk foldojin da idona ya gani a gidana, wato babbar foldar da Linux ke ajiye kayan mai amfani da ita, na zuba su ciki. Na ce shi ke nan, an gama da wannan.

Rage Windows bai ba ni wahala sosai ba, amma akwai abin da ya ɗaure mini kai. Na buɗe Disk Management, manhajar Windows ta sarrafa faifai, na latsa Shrink Volume, wato rage girma, a kan C, fatishan ɗin Windows, ina son ta sakar mini giga 100. Ta ce abin da za ta iya bayarwa bai kai 30 ba, alhali ga fili nan fiye da 200. Dalili shi ne akwai fayilolin da Windows ba ta iya gusar da su tana cikin aiki, irin su pagefile.sys da hiberfil.sys da ajiyar System Restore. In ɗaya daga cikinsu ya zauna kusa da ƙarshen fatishan, nan iyakar ragin take tsayawa. Na kashe barcin da ake kira hibernate, wanda hiberfil.sys nasa ne, da umarnin powercfg /h off, na dakatar da sauran biyun na ɗan lokaci, na sake kunna kwamfutar, sai ga shi ta yarda da giga 100 cif. Wannan umarnin yana kashe Fast Startup ma, wanda tun daga Windows 8 yake sa in ka kashe kwamfuta ba ta mutu gaba ɗaya ba, ta yi likimo ne, kuma Linux ba ta son taɓa fatishan ɗin da aka bari a haka. Wanda faifansa ke kulle da BitLocker, kwaɗon faifai na Windows, kuwa, ya rubuta lambobin nan 48 na ceto a takarda kafin ya taɓa komai. Tawa ba a kulle take ba.

A nan ne na gamu da abin da ban taɓa tunani a kai ba: ba samun fili ne kawai ba, a ina filin yake? Fatishan a kan faifai kamar shaguna ne a jere a layin kasuwa. Nawa jerin daga hagu zuwa dama haka yake: ɗan ƙaramin EFI mai mega 100 inda ake ajiye abin tada kwamfuta, wani ɗan mitsitsi na Microsoft mai mega 16, sai C, sai Ubuntu, sai na farfaɗo da Windows a can ƙarshe. Da na rage C, filin da aka samu ya faɗo tsakaninta da Ubuntu, wato a hagun Ubuntu. Da a damanta yake, da aikin 'yan daƙiƙu ne, a ja bangon baya a ƙara tsawo, kayan ciki ba wanda ya taɓa su. Amma a hagu, farkon fatishan ne za a gusar, kuma komai na cikinsa daga farkon nan ake ƙirga mazauninsa. Dole a ɗauki kayan shagon kaf, ɗaya bayan ɗaya, a mayar da su gaba, sannan a faɗaɗa.

Ba a yi wa fatishan wannan aikin ana tsaye a kansa. Na tada kwamfutar da filashin da na ɗora Ubuntu da shi tun farko, na zaɓi gwaji maimakon ɗorawa, na buɗe GParted, manhajar yanka fatishan da gusar da shi. In ka ga hoton ɗan makulli kusa da fatishan, ana amfani da shi ke nan, sai ka sauke shi kafin ya motsu. Na kama gefen hagu na ja har ya haɗe da C. Manhajar ta fito da gargaɗi ɓaro-ɓaro cewa gusar da fatishan na iya hana tsarin tashi, kuma zai iya ɗaukar dogon lokaci. Na karanta, na latsa amincewa. Bayan azahar ne, lokacin bazara, zafin Katsina na dukan kwanon shago, fankar kwamfutar na ta huci. Ta nuna saura kusan awa ɗaya.

Layin nan mai rarrafe da ke nuna ci gaban aikin bai kai rabi ba aka ɗauke wuta.

Na san batirina, in ya yi ƙoƙari ya riƙe minti ashirin. Na zare caja na sa a aljihu, na ɗauki laftof ɗin a buɗe a kan tafukan hannuna kamar mai ɗauke da faranti cike da miya, filashi na leƙe a gefe, ina tsoron kada wani ya goge shi. Akwai wani dattijo mai cajin waya a tsallaken titi, yana da ƙaramin janareta. Na ce, "Baba, don Allah a taimaka a tada inji, aiki ne a tsakiya." Ya ce, "Yaro, man ne ya ƙare, yanzu na aika a sawo." Ya jawo mini benci na zauna. Ina kallon alamar batir tana sauka, ina kallon hanya ko ɗan aiken zai ɓullo. Na rage hasken fuskar har da ƙyar nake gani. Yaron na shan kwana da galan a hannu fuskar ta yi ɗif.

Da aka tada inji na kunna, abin da ya tarbe ni baƙin allo ne da rubutu ɗan guntu: grub rescue. GRUB, wanda ke ba ka zaɓi tsakanin tsarin biyu, yawancin fayilolinsa a cikin fatishan ɗin Linux suke, shi kuwa yanzu rabinsa na sabon wuri rabi na tsoho. Gabana ya faɗi don na zaci Windows ma ta tafi, ga katin bikin mutane uku da ake jira a makon. Yaya ne ya kwantar mini da hankali a waya. Ya ce, "Ba ka taɓa C a lokacin ba, tana nan. Kana kunnawa ka danna maɓallin zaɓen abin tashi." A HP F9 ne, a Dell F12. Na zaɓi Windows Boot Manager, ta tashi lafiya lau, ko fayil ɗaya bai yi ciwon kai ba. Na daɗe ina hamdala a kan bencin nan.

Ubuntu kam ba ta dawo ba. Kwana biyu ina gwada gyara da fsck, umarnin gyaran fatishan a Linux, abin da nake samu tarkace ne masu lambobi a madadin suna. Na haƙura na goge fatishan ɗin, na haɗe shi da filin da ke gefensa ya zama giga 140, na ɗora ta sabuwa. Wannan bai ci minti arba'in ba, ya kuma gyara GRUB da kansa.

Sai da na zo mayar da kaya na ga inda na yi sakaci. A Linux duk fayil ko foldar da sunanta ya fara da ɗigo a ɓoye take, sai ka danna Ctrl da H za ta bayyana. Ni abin da ido ya gani kawai na kwafa. Makullaina na shiga wasu kwamfutoci daga nesa da ke cikin .ssh sun tafi, saitin da na yi wata da watanni ina daidaitawa a .config da .bashrc ya tafi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne wata 'yar manhajar lissafin kuɗin shago da na rubuta. Kwafin ƙarshe yana nan, amma ajiyayyen aikin mako biyu da na sa a wata ɓoyayyiyar folda babu shi. Ba don Yaya ya matsa ba da ko wannan ɗin ban tsira da shi ba.

Bayan wata biyu wani abokina ɗalibi ya kawo tasa da matsala iri ɗaya, shi ma filin a hagu. Wannan karon ban gusar da komai ba. Na yanka sabon fatishan na ext4, irin tsarin ajiyar da Ubuntu ke amfani da shi, a filin, muka kwashe gidansa gaba ɗaya zuwa can har da ɓoyayyun, na nemo lambar shaidarsa, wato UUID, da umarnin blkid, na ƙara layi ɗaya a /etc/fstab, fayil ɗin da ke gaya wa Linux fatishan ɗin da za ta haɗa in ta tashi, don ya riƙa hawa a matsayin /home, wato mazaunin gidan. Tsohon fatishan bai motsa ko taku ɗaya ba, kuma ko an ɗauke wuta ana cikin kwafi, asalin kayan na nan a wurinsu. A ganina ga mai zaune inda wuta ba ta da tabbas wannan hanyar ta fi, kuma ita nake bi yanzu sai in babu makawa. In ya zama dole a gusar ɗin, ba na farawa sai a gidan Yaya inda akwai sola, da rana tsaka, bayan na buɗe faifan waje na tabbatar da idona cewa kwafin yana buɗuwa.

Abokin nawa ya tsaya a kaina yana tambaya ko ba za mu haɗe su wuri ɗaya ba don ya fi kyan gani. Na nuna masa fankar silin da ta riga ta fara rage gudu, na ce ya miƙo mini caja.