Godiya Ga Makarantar Da Ta Bar Ni A Matsayina Na Uba

Salama a gare ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu.

An yaye babban ɗanmu daga sakandare a makon jiya, kuma tun ranar saƙonnin taya murna suke ta shigowa. Ba zan iya amsa wa kowa ɗai-ɗai ba, don har yanzu da hannun hagu nake rubutu, shi ma a hankali. Shi ya sa na ga gara in haɗa godiyata wuri guda. Yaba kyauta tukuici. Kaso mafi tsoka na wannan godiya kuwa na makarantar yaron ne.

Waɗanda suka san mu sun san yaron yana tsakiyar karatunsa ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da ni. Likitoci suka yi wa uwargida bayani cewa jijiyar jini ce ta toshe a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, shi ya sa hannu da ƙafa na dama suka saki, magana kuma ta ɗauke, tunda a yawancin mutane a can ake sarrafa harshe. Ina jin abin da ake faɗa, ina ganewa, amsar tana kaina amma ta ƙi fitowa. Wanda bai taɓa shiga wannan hali ba, zai ɗauka rashin tafiya ne ya fi ciwo. Ni abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda aka koma yin magana a kaina ina zaune. Cikin ƙauna ake yi, na sani. Amma shawarar gidana sai ta koma ana yanke ta a gabana, ba mai ko kallona.

Makarantar nan ce ta fara kallona.

Da zangon karatu ya ƙare, malamin ajinsu ya zo gida da takardar sakamako a hannunsa. Uwargida ta sa hannu, ta miƙa masa. Sai ya ba ta haƙuri, ya ce akwai sauran layi ɗaya, na Baba ne. Ya jawo kujera kusa da gadona, ya bi darussan ɗaya bayan ɗaya, ya nuna mini inda yaron ya yi ƙasa, ya faɗi abin da suke shirin yi a kai. Sannan ya tambaye ni ko na amince, ya yi shiru yana jira. Ya jira har na iya gyaɗa kai. Na riƙe biro da hagu na yi wani zane da ko ni ban gane shi ba, ya karɓa da hannu biyu ya sa a jaka. Malam, yaron yana tsaye a bakin ƙofa yana kallon duk abin da ka yi, kuma na tabbata ka san da haka.

Bayan wannan malamar adabi ta canza masa aikin gida. Ta ce kowace yamma ya zauna ya karanta wa mahaifinsa babi guda da ƙarfi, inda na ga bai karanta daidai ba in buga yatsa ya maimaita. Wato ta mai da ni mai duba aiki, ni da ba na iya furta sunansa. Wata rana littafin makaranta, wata rana Littafi Mai Tsarki. A hankali na fara bin sa da leɓe, daga nan kalma ɗaya, daga nan biyu. Da mai koya mini magana a asibiti ta ji labari, cewa ta yi kada mu kuskura mu fasa. A cikin wannan karatu muka iso Luka sura 2, inda aka sami Yesu yana ɗan shekara 12 zaune a tsakiyar malamai a Haikali, yana saurarensu yana yi musu tambayoyi, sa'an nan ya bi iyayensa zuwa Nazarat yana yi musu biyayya. Na buga yatsa, ba don ya yi kuskure ba. So nake in sake ji.

Ranar da muka kai shi makarantar an ba mu wata takarda mu sa hannu. Farkon abin da ke cikinta shi ne cewa yaro amana ce da Allah ya damƙa wa iyaye, makaranta mataimakiya ce. Yawancin iyaye muna sa hannu a irin wannan takarda ne don yaro ya sami gurbi. Su kuwa ashe da gaske suke. Hujjarsu tana cikin Maimaitawar Shari'a 6:6-7, inda aka umarci jama'ar Allah su koya wa 'ya'yansu maganarsa a zaune cikin gida, da kan hanya, da lokacin kwanciya, da lokacin tashi. Ka duba wuraren nan huɗu, ba aji ko ɗaya a ciki. Afisawa 6:4 ma da ubanni take magana kai tsaye: kada su tsokani 'ya'yansu su yi fushi, su goye su cikin horo da gargaɗin Ubangiji.

A wani taron iyaye da malamai shugabar makaranta ta nuna mana cewa wannan tunani ba su suka fara shi ba, kuma zaman jinya ya ba ni sararin bin diddigin abin da ta faɗa. A 1524 Martin Luther, jagoran gyaran ikilisiya da ya haifar da ɗariƙun Furotesta, ya rubuta wa mahukuntan biranen Jamus yana matsa musu su buɗe makarantu, na maza da na mata, domin iyaye da yawa ba su da sani ko sukunin koyar da 'ya'yansu. Amma da ya fitar da ƙaramin katikisim ɗinsa, wato littafin tambaya da amsa na koyar da bangaskiya, a 1529, a kan sassansa ya rubuta cewa ga yadda maigida zai koya wa iyalinsa cikin sauƙi. Mutum ɗaya ne ya nemi a gina makarantu ya kuma miƙa wa uba littafin koyarwa. Comenius, wani bishop ɗan Morabiya (yanki ne a ƙasar Czech ta yau) da ya rayu daga 1592 zuwa 1670, ya kasa karatun mutum mataki huɗu, kowanne shekara shida, ya kira na farko makarantar uwa. A 1965 majalisar Vatican ta biyu, wato babban taron shugabannin cocin Katolika, ta bayyana iyaye a matsayin malaman farko kuma mafi muhimmanci ga 'ya'yansu. Ɗariƙun nan sun sha bamban a abubuwa da dama, amma a nan bakinsu ɗaya.

Faɗar wannan da sauƙi idan iyaye suna tsaye da ƙafafunsu. Gwajin yana zuwa ne ranar da gida ya raunana. A irin lokacin, abin da ya fi sauƙi ga makaranta mai tausayi shi ne ta rungume yaron gaba ɗaya, ta zama masa uwa da uba, kowa ya yaba mata. Da sun yi haka da na gode musu, amma da na warke na tarar da ɗan da ya saba rayuwa ba tare da ni ba. Su sai suka tokare gidan kamar yadda ake tokare katangar da ta tsage, har ta sake tsayawa da kanta.

Akwai abin da yaron ya ba ni izinin faɗa. A shekarar da jikina ya fi tsanani, an kama shi da takardar satar amsa a jarrabawa. Kafin kwamitin ladabtarwa ya zauna, sai da aka kira gida. Ba su yarda malami ya ba ni labarin ba, shi suka sa ya zo ya faɗa mini da bakinsa. Sifili aka ba shi a wannan takarda, kuma sifilin yana nan a kundinsa har yau. Babu wanda ya ce a yafe masa don babansa na kwance, ni ma da an tambaye ni ba zan yarda ba. Amma ba a tsayar da shi gaban taron ɗalibai an tozarta shi ba. Mai ba ɗalibai shawara ta riƙa zama da shi har ta gano ba ya barci, yana kwana yana sauraren numfashina. Ita ta sanar da mu, mu da muke gida ɗaya da shi. Da zango ya zagayo aka ba shi 'yan ƙananan aji yana taimaka musu da lissafi. Galatiyawa 6:1 ta ce wanda aka kama da laifi a komo da shi cikin tawali'u. Na sha jin wa'azi a kan ayar, amma a nan na ga yadda ake aikata ta ba tare da an zubar da gaskiya ba. Iyaye mun kasu biyu a wannan batu: masu son a yi ta duka, da masu son a rufe laifin ɗansu. Makarantar ba ta biye wa ko ɗaya ba, kuma na san sun sha surutu a kan haka.

Kada a ɗauka kullum bakinmu ɗaya da su. Mun yi musu sosai a kan yawan aikin gida, har suka rage, don mun nuna musu ba zai yiwu a ce iyali su riƙa addu'a da hira tare ba alhali yaro yana kan littafi har dare ya raba. A kan hana waya kuwa sun ƙi sassautawa, ko da na so a bar wa namu saboda lalurata. Suka ba mu dalilinsu, suka ce lambar ofis a buɗe take, duk lokacin da aka kira za a kawo shi. Na ji haushi a lokacin. Sun kuwa cika alkawari.

Ina kuma gode musu da ba su fake da addini suka yi sakaci da karatu ba. Akwai makarantun da Kiristancinsu a allon bakin ƙofa ya tsaya, ana waƙa da safe, a shiga aji ba abin kirki. A nan malamin kimiyya yakan tuna musu Kolosiyawa 3:23, cewa duk abin da za su yi su yi shi da zuciya ɗaya kamar ga Ubangiji, sa'an nan ya mayar musu da rahoton gwaji su sake idan awonsu bai fita ba.

Batun kuɗin makaranta ba zan tsawaita ba. Aikina ya tsaya, ba a taɓa koro yaron ba, ba a taɓa kiran sunansa a aji ba, shi kansa bai san da maganar ba sai kwanan nan. Na san wasu iyaye ne suka haɗa hannu, an kuma ƙi gaya mini ko su wane ne. Ubanku da yake gani a ɓoye ya sāka muku.

Cikin waɗanda suka fi yi mana zirga-zirga har da iyayen da ba Kirista ba ne, 'ya'yansu suna aji ɗaya da namu. Makarantar takan gaya wa kowa tun ranar farko abin da ta gaskata da abin da za ta koyar, ta bar wa iyaye zaɓi, kamar yadda sashe na 26 na sanarwar 'yancin ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1948 ya ba iyaye fifiko wajen zaɓar irin ilimin da za a ba 'ya'yansu. Ban taɓa jin an tilasta wa yaro ko an ƙasƙanta shi don addinin gidansu ba. Maƙwabtan alheri, na gode, Allah ya bar zumunci.

Ina gode wa mai gadin ƙofa, wanda kullum sai ya tambayi yaron jikin Baba, da direban da ya riƙa sauke shi kusa da asibiti, da ma'aikaciyar jinya ta makaranta. Na gode wa Fasto da dattawan ikilisiya, da likitoci da masu gashin ƙashi da suka yi haƙuri da ni. Uwar 'ya'yana, ke kam taki godiyar ba ta intanet ba ce. Kai kuma ɗana, ranar yaye da aka kira sunanka na ce amin da ƙarfi har mutane suka waiwayo. Na ga ka sunkuyar da kai don kunya, ka yi haƙuri, na daɗe ina tanadin wannan murya.

Ranki ya daɗe shugabar makaranta, ina da roƙo ɗaya. Ɗakin taron iyaye yana saman bene, ranar yaye sai da matasa suka ɗauke ni. Na tabbata akwai iyaye da kakanni da matakalar nan take hana su zuwa, a duba yiwuwar sauko da taron ƙasa. Ƙanwar yaron tana nan wurinku, don haka za ku ci gaba da ganina. Na kuma ba da sunana a cikin iyayen da za su riƙa ziyartar gidajen da ake jinya. Duk wanda ya san ɗalibin da mahaifinsa ko mahaifiyarsa ke kwance, ya sanar da ofishin makaranta, za su neme ni.