Yadda na yi binciken adabin Turanci da ɗakunan karatu na intanet

Kundin digirina na biyu a sashen Turanci na rubuta shi ne a kan muhawarar da ta taso bayan laccar da Chinua Achebe ya gabatar a Jami'ar Massachusetts a 1975, inda ya yi wa marubuci Joseph Conrad kaca-kaca saboda yadda ya siffanta mutanen Afirka a ƙagaggen labarinsa mai suna Heart of Darkness. Littattafan da ke kan kantocin ɗakin karatunmu akasarinsu sun kwana biyu, mujallun nazari kuma an daɗe ba a ga sabuwar fitowarsu ba. Dole ta sa na koma intanet, kuma can na yi kusan duk aikin.

Wadda ta fara sa ni a hanya wata ma'aikaciya ce a ɓangaren kwamfutoci na ɗakin karatun. Na gaishe ta, na ce, "Hajiya, ina neman rubuce-rubuce a kan Conrad, amma duk inda na shiga sai a ce in biya dala." Ta ce, "Ƙanena, makaranta ta riga ta biya, ku ne ba ku zuwa karɓar mabuɗin." Ta rubuta mini sunan shiga da kalmar sirri a guntuwar takarda. Har yau ina takaicin yawan ɗaliban da ke gama karatu ba su san da wannan gata ba.

JSTOR ne ya fi ɗaukar nauyin aikina. An kafa shi a 1995 don adana tsofaffin mujallun nazari, kuma a nan na karanta maƙalar Achebe, wato rubutacciyar laccar tasa, kamar yadda mujallar Massachusetts Review ta buga ta a 1977, da lambobin shafinta na asali. Ko wanda makarantarsa ba ta biya ba yana iya yin rajista kyauta ya karanta maƙaloli har 100 a wata, sai dai a kan allo kawai, ba zai sauke su ba. Matsalarsa ɗaya: yawancin mujallun da ke ciki ba a samun fitowarsu ta 'yan shekarun baya-bayan nan. Don haka idan ina son sabon abu daga mujalla irin Research in African Literatures, wadda ake bugawa tun 1970, sai in leƙa Project MUSE, rumbun mujallu na Jami'ar Johns Hopkins.

Dabarar da ta fi yi mini amfani ita ce bin sawu. Idan na samu maƙala mai kyau, sai in tafi ƙarshenta in ga su wa marubucin ya karanta. Wannan yana mayar da ni baya. Daga nan sai in sa sunan maƙalar a Google Scholar in danna wurin da ke nuna waɗanda suka ambace ta. Wannan kuma yana kai ni gaba. Ta haka na kai ga martanin da manazarcin adabi Cedric Watts ya mayar wa Achebe a 1983, inda ya kare Conrad, na kuma kai ga abin da wani manazarcin, Edward Said, ya faɗa a kan labarin Conrad a 1993. Da na jera su bisa shekaru, sai muhawarar ta fito fili: wane ya fara magana, wane ya mayar masa, a ina aka sauya akala. Babi na biyu na kundin gaba ɗaya daga wannan jeri ya fito. A ganina, ɗalibin da ya bi sawun maƙala ɗaya da kyau ya fi wanda ya cika kwamfutarsa da ɗaruruwan takardu da bai buɗe ba.

Shi kuwa labarin kansa, akwai shi kyauta a Project Gutenberg, rumbun da Michael Hart ya fara a 1971, wanda ke ɗauke da tsofaffin littattafan da haƙƙin mallakarsu ya ƙare. Amfaninsa shi ne mutum zai iya lalubo kalma cikin ƙiftawar ido. Achebe ya ce wurare biyu kacal Conrad ya bar baƙar fata suka yi magana da Turanci, ni kuma na bi kwafin Gutenberg na duba da idona kafin in yarda. Amma kwafin ba shi da lambar shafi abin dogaro, kuma labarin ya fara fitowa ne a mujallar Blackwood's a 1899 kafin ya shiga littafi a 1902, akwai 'yan bambance-bambance tsakanin bugun. Saboda haka a Gutenberg nake nema, amma bugun takarda nake ambata a kundi.

Ƙamus ɗin Oxford English Dictionary ma na yi ta komawa gare shi, domin yana kawo misalan jimloli da shekarunsu, ya nuna ma'anar da kalma take da ita a zamanin marubucin. Mai nazarin littafin ƙarni na 19 da ma'anonin yau zai iya ɗora wa marubuci abin da bai faɗa ba.

Abokiyar karatuna da ta ɗauki ɓangaren harshe, kayan aikinta daban ne. Ita a kan Turancin Nijeriya ta yi nata binciken, ta yi amfani da ICE-Nigeria, taskar zantuka da rubuce-rubucen 'yan Nijeriya mai kalmomi kusan miliyan ɗaya, da kuma GloWbE, wadda ta tattara Turancin intanet na ƙasashe 20, har da Nijeriya da Ghana. Da su take gwada ko wata jimla mu kaɗai ke faɗin ta ko kuwa ana faɗin ta a Ingila ma. Ita ce ta nuna mini cewa a Janairun 2020 ƙamus ɗin Oxford ya shigar da kalmomin Nijeriya 29, ciki har da okada da danfo da Kannywood.

Don jin ta bakin manazartan Afirka na shiga African Journals Online, rumbun mujallun nazari na Afirka, kuma na samu ayyuka masu nauyi waɗanda manyan rumbunan Turai da Amurka ba su da su. Sai dai a intanet gaba ɗaya akwai mujallun da ke buga komai da zarar an biya kuɗi, don haka kowace mujalla sai na duba su wane ne editocinta, da ko masana suna tantance maƙala kafin ta fito.

Batun wuta da data kuwa, na saba wa kaina sauke abin da zan karanta duk lokacin da na samu intanet mai ƙarfi, in adana shi nan take a Zotero, manhajar kyauta da ke riƙe sunan marubuci da shekara da shafi. Ranar kare kundi, malamin da aka gayyato daga wata jami'a ya nemi in nuna masa shafin da Watts ya yi wata magana, na buɗe kwamfuta na nuna masa, muka wuce tambaya ta gaba.