Ɗinkin da aka juyo cikinsa waje: falmaran daga ƙyallayen shago

Kowane shagon tela a Garwa ko Marwa, a arewacin Kamaru, yana da buhu a ƙarƙashin teburin yanka, cike da ragowar atamfa da shadda. Yawanci cikin matashin kai suke ƙarewa. A farkon shekarun 1990, Lamine Kouyaté, ɗan ƙasar Mali mai tambarin Xuly Bët a birnin Faris, ya yi suna da irin wannan kaya. Yakan farke tsofaffin tufafi ya sake haɗa su, ya bar ɗinkin a waje da jan zare, kowa na gani. Abin da maigida zai sa yaron shago ya farke, shi ya mayar ado.

Dabarar ta dace da mu saboda zafi. Idan haɗin yana waje, cikin rigar sumul yake, ba abin da zai soki fata, don haka ba a buƙatar shafi. Duk wanda ya sa riga mai shafi a Garwa cikin watan Afrilu ya san darajar wannan.

A fara da falmaran, don ba ta da hannu. Kafin almakashi, a wanke ƙyallayen duka. Sabuwar atamfa tana ɗan tsukewa a wankin farko, wadda aka taɓa wankewa kuwa ta gama nata, to in aka haɗa su haka, rigar za ta tattare a wurin haɗi, guga ba zai miƙar da ita ba. A gwada zuba kuma: a jiƙa farin ƙyalle, a ɗora a kan mai launin, a danna dutsen guga. In launi ya fito, a ware shi. Ja da baƙin rini su suka fi yin wannan ta'asa.

Sai a yanka kwali mai santimita 12 kowane gefe, shi ne ma'auni. Santimita ɗaya na kowane gefe zai tafi a ɗinki, saura 10. Bayan falmaran na babban mutum yana son faifan yadi mai faɗin 60 da tsawon 70, wato guntu 42. Gaba biyu, 21 kowanne. Jimilla 84, a ƙara goma saboda kuskure. Kada a yi yankan da ido: kuskuren milimita biyu a guntu bakwai ya kusa santimita ɗaya da rabi, kusurwoyi ba za su haɗu ba.

Nan ne akasarin masu koyo ke faɗuwa: gefen kwalin ya bi tsayin zaren yadi. Guntun da aka yanka a karkace yana miƙewa ƙarƙashin ƙafar keke, sai ya fi maƙwabcinsa tsawo. Nauyi ma ya zo ɗaya. Shadda mai kauri kusa da yadi mai laushi tana jan sa ƙasa, har ya yage a bakin ɗinki.

Wajen haɗawa, baya da baya za a haɗa, ba fuska da fuska kamar yadda aka saba ba. Allura lamba 14 ta isa. A fara da ɗinki miƙaƙƙe, sannan a bi bakin da keken ɗaure baki, da jan zare ko ruwan ɗorawa. Wasu suna tsallake ɗinkin farko don sauri, amma ɗinkin zare uku na keken ɗaure baki kaɗai yana buɗewa a kafaɗa. A jera guntu bakwai su zama layi guda, sannan a haɗa layukan, ɗaya daga sama zuwa ƙasa, na gaba daga ƙasa zuwa sama. In duk aka bi hanya ɗaya, faifan zai lanƙwashe kamar baka. A mahaɗar kusurwa huɗu a kwantar da baki ɗaya hagu, ɗaya dama, in ba haka ba tudun zai karya allura.

Bayan an shimfiɗa faifan an yanka wuya da hammata, a yi maza a bi bakin yankan da ɗinki, domin almakashi ya yanke ƙullin zaren. Guga kuwa ta ciki ake yi. Zaren roba ba ya jure dutsen gawayi mai zafi, narkewa yake ya bar ƙulli mai kaushi, alhali zaren nan shi ne adon rigar gaba ɗaya.