Zubin hannun mutum da gilashi, daga kakin zuma zuwa tanderu

Gilashi ba ya son abu mai kauri a nan, siriri a can, jikin ɗan Adam kuwa haka Allah ya yi shi: yatsa bai kai tafi ba, tafi bai kai wuyan hannu ba. Wannan bambancin kauri shi ke fasa yawancin aikin masu koyo. Shi ya sa nake ganin duk mai son gwada wannan sana'a a Gombe ko Bauchi ya fara da hannu. Ga shi kuma hannu bai da fuska, don haka bai faɗa cikin abin da mutanenmu da yawa ke ƙyama na sassaƙa mutum-mutumi ba.

Ko a waje ma ba kowa ke zuba mutum sukutum ba. Karen LaMonte, Ba'amurkiyar da ke aikinta a ƙasar Cek, riguna take zubawa daidai girman mace, babu kowa a ciki, sai dai alamar kafaɗa da ƙugu a jikin gilashin. Martin Janecký shi kuwa hura gilashi yake yi, ya sa ƙarfe ta ciki yana turo hanci da kumatu tun abin na da zafi. Wannan sai wanda ya shekara da shekaru a bakin wuta. Mu a Nijeriya aikin gilashin da aka fi sani shi ne na Masaga a Bida, inda ake narka kwalabe a yi tsakiya da awarwaro. Hanyar da za mu bi ta fi kama da ta maƙeran tagulla masu zubi da kaki.

A samo aljinet, garin nan da likitocin haƙori ke ɗaukar siffar baki da shi. A dama da ruwan sanyi a dogon bokiti, a tsoma hannu, yatsu a ɗan buɗe, kada a dunƙule. Cikin 'yan mintuna zai kama, a zare hannun a hankali. Nan take a zuba narkakken kakin zuma, domin aljinet na tsukewa in ya fara bushewa, balle da hunturu. Kakin zuma na narkewa wajen digiri 63 a ma'aunin Celsius, ba sai an tafasa shi ba.

Kafin a rufe kakin, a auna gilashin da za a buƙata. A nitsa hannun kakin a ruwa a ga nawa ya tashi. Mililita 400 ne? A ninka da 2.5, gilashi kilo ɗaya ke nan, a ƙara kashi goma cikin ɗari saboda wanda zai maƙale a kaskon da za a narka shi.

Mazubin kuma, wato abin da za a rufe hannun kakin da shi, ana haɗa shi da garin POP, irin na masu silin, da garin silika da ruwa, kowanne awo ɗaya bisa sikeli, ba da mudu ba. POP kaɗai ba ya jure wuta, silika ce ke riƙe shi. Gari ake barbaɗawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa kan gari, kuma a sa takunkumi don ƙurar silika na lalata huhu. Kaurin mazubi kada ya gaza santimita uku ta kowane gefe, wuyan hannu ya zama shi ne baki. Yatsan da ya lanƙwasa yana tare iska, gilashi ya kasa cika shi, sai a manna masa siririn zaren kaki da zai zama ƙofar iska. In mazubin ya daskare a kife shi kan tukunyar ruwan zafi, tururi ya narkar da kakin ya fito tas. Ragowar kaki na ƙonewa ya bar tabo. A bar mazubin ya sha iska kwanaki.

Wane gilashi? Kwalba ba ta da tsada, amma tana da taurin kai: ba ta kwarara sosai sai an kai digiri 900 ko fiye, kuma fuskarta kan yi fari-fari kamar hazo. Kada a haɗa kwalabe iri-iri, domin kowace da yadda take tsukewa in tana hucewa, sai su ja juna su tsage. Gilashin zubi irin na kamfanin Bullseye na kwarara tsakanin digiri 820 da 850. A zuba gutsattsarin a kaskon fulawa na yumbu mai huda a gindi, a ɗora bisa bakin mazubi a cikin tanderu. Zafi ya riƙa hawa kamar digiri 50 a awa har 600, don sauran ruwan mazubi ya fita ba tare da ya fasa shi ba.

Saukar da zafi shi ne inda ake cin riba ko a tafka asara. Lissafi da wuri mafi kauri ake yi. A jadawalin Bullseye, kaurin milimita 25 na neman awa huɗu a digiri 482, sannan ya sauka digiri 15 a awa har 427. Kaurin milimita 50, wato kusan wuyan hannun babba, awa takwas ne, saukarsa kuma ƙasa da digiri huɗu a awa, gaba ɗaya kusan kwana biyu. Gilashin kwalba shi kuwa wajen digiri 550 ake tsayar da shi. Dalilin wannan saukarwa a hankali shi ne yatsu na rigan tafin hannu hucewa, su tsuke tun ciki na da laushi, ƙarfin ya taru a gindin yatsa. Wani lokaci sai bayan mako guda a ji ƙas, aiki yana ajiye a kan kanta.

To, ga matsalarmu ta nan gida: wuta. In aka ɗauke ta ana tsakiyar saukar da zafi, sai a mayar da tanderu digiri 482 a sake ƙirga awoyin daga farko. Kada a kunna sai da janareta mai ɗaukar nauyin tanderun da man kwana uku a ajiye. Kada kuma a buɗe don leƙe, sai ciki ya yi daidai da zafin ɗaki, a ƙara masa yini guda kafin a farfashe mazubin da sanda, a goge ragowar POP da tsohon buroshin haƙori.