Wasiƙu uku da lambar tasin Baba

A watan Maris na 2025 wasiƙu uku suka taru a hannuna, kowace daga makarantar koyon aikin lauya, kowace tana cewa an ɗauke ni. Ta imel suka zo, amma sai da na buga su a takarda, domin Baba ba ya yarda da magana sai ya riƙe ta a hannu. Bayan sallar isha'i na shimfiɗa su a kan teburin cin abincinmu a Bronx, wani yanki na birnin New York, Mama tana kwashe kwanukan tuwo, ƙanena yana leƙe ta bayan kafaɗata. Baba ya sa tabarau ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Bai tambayi wace ce ta fi suna ba. Da ya gama sai ya ɗago ya ce, "Nawa za su bi ki ranar da kika gama?"

Wanda bai san gidanmu ba zai ce wannan tambaya ta yi sanyi ga uban da 'yarsa ta fari ke shirin zama lauya. Ni na san daga inda ta fito.

Baba direban tasi ne a New York, irin masu launin ruwan ɗorawa ɗin nan, tun kafin ya ɗauko mu daga Kano ina 'yar shekara tara. Tasin nan ba ta aiki sai da wata lambar ƙarfe da ake maƙala mata a kan bonet, kuma hukumar birni ta ƙayyade adadin lambobin, don haka saya ake yi da tsada. Baba ya ci bashi ya sayi tasa. A 2014 farashinta ya haura dala miliyan ɗaya, har abokansa a masallaci suna ce masa ya gama da talauci. Sai Uber da Lyft suka cika tituna, farashin ya rikito ƙasa da dala 200,000, bashin kuwa yana nan inda yake, ko kwabo bai ragu ba. Sai a ƙarshen 2021, bayan direbobi sun yi kwana 15 suna yajin cin abinci a ƙofar ofishin magajin gari, aka yi yarjejeniyar da ta sauko da bashin da yawa daga cikinsu zuwa dala 170,000. A tsakanin waɗannan shekaru na ga yadda bashi yake tayar da mutum ƙarfe huɗu na dare, ya mai da shi gida bayan magariba ƙafafu a kumbure. Lokacin da Hajiya, mahaifiyarsa, ta kwanta ciwo a Kano, bai iya ajiye mota ya je ba. Ta waya suka yi bankwana.

To wannan mutumin ne ya tambaye ni nawa za a bi ni.

Bari in ɗan fayyace wa na gida yadda abin yake, don ya bambanta da Najeriya. 'Yar gwaggona da ke karatun lauya a Jami'ar Bayero daga sakandare ta shiga, shekara biyar za ta yi, sannan ta wuce makarantar horar da lauyoyi ta ƙasa. A Amurka kuwa sai ka fara gama digiri a kowane fanni, ka zauna jarrabawar neman shiga makarantar lauya, LSAT, wadda makinta ke tashi daga 120 zuwa 180, sannan ka yi shekara uku, sannan ka ci jarrabawar samun lasisi ta jihar da za ka yi aiki. Shekaru ukun nan su ne inda kuɗi ke tafiya.

Makaranta ta farko ita ce mai sunan. Idan ka faɗi sunanta a gaban lauyoyi sai su gyara zama. Kuɗin makaranta da ɗaki da abinci da inshorar lafiya, a lissafinsu da kansu, sun kai wajen dala 110,000 a shekara, kuma sun yi mini rangwamen dala 20,000. Saura 90,000 sau uku, dala 270,000 ke nan. Bashin gwamnatin tarayya na ɗaliban da suka wuce digirin farko a shekarar yana da ruwan kashi 8.08 cikin ɗari a kan dala 20,500 na farko, abin da ya haura haka kuma kashi 9.08, kuma ruwan yana fara hawa tun kana aji, ba ya jira ka gama. Da na buga lissafi, ranar da zan sa rigar yaye ɗalibai ana bin ni sama da dala 300,000. In zan biya cikin shekara goma, kusan dala 3,800 ne duk wata. Ruwan kaɗai ya fi kuɗin hayar gidanmu. Kuma irin wannan bashi ko mutum ya je kotu ya ce ya karye, da ƙyar ake yafe masa.

Kawu, ƙanen Mama da ke New Jersey, shi ne ya fi kowa matsa mini. Ya kira ni har sau uku. "Ke dai ki je," in ji shi, "sunan makaranta jari ne, ba ya ruɓewa." Kuma ba zan ce bai da gaskiya ba. Manyan kamfanonin lauyoyi na Manhattan, a lokacin, dala 225,000 suke biyan sabon lauya a shekara, yaron da bai taɓa tsayawa gaban alƙali ba. Wanda ya samu wannan aiki, ya kuma riƙe hannunsa, zai iya sauke bashin cikin 'yan shekaru. Kuma daga irin waɗancan makarantu suke ɗiba. Na daɗe ina juya maganar Kawu a raina, domin ni ma na so in ga Baba ya ajiye makullin mota saboda albashina.

Abin da ya dakatar da ni biyu ne. Na farko, albashin sababbin lauyoyi a ƙasar nan ba tudu ɗaya ba ne a tsakiya. Tudu biyu ne da kwari a tsakani: 'yan kaɗan a can sama wajen 225,000, jama'a da yawa kuma ƙasa da 100,000. Idan makaranta ta nuna maka matsakaicin albashin ɗalibanta, wataƙila ta nuna maka adadin da kusan babu mai karɓarsa. Kuma wanda zai hau tudun sama yawanci sakamakon shekarar farko ne ke zaɓensa, sakamakon da sau da yawa jarrabawa ɗaya ce tak a ƙarshen zango take yanke shi. Na biyu, kuma shi ne babba: ko da na samu aikin, ba shi ne aikin da ya sa na nemi zama lauya ba. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Bashin dala 300,000 shi zai zaɓar mini wanda zan tsaya wa a kotu, ba ni ba.

Makaranta ta biyu ita ce ta fi daɗin karantawa. A wata jiha take, kuma wasiƙar ta ce sun ɗauke mini kuɗin makaranta gaba ɗaya. Mama har guɗa ta yi. Sai washegari na sake karantawa a tsanake, na ga wani layi a shafi na biyu: tallafin zai ci gaba ne matuƙar makina bai sauka ƙasa da wani mataki ba. A jami'a ban taɓa kusantar wannan matakin ba, don haka da farko ban damu ba. Wata lauya a ofishin da nake aikin tafinta ce ta zaunar da ni. Ta ce a makarantar lauya ana auna ɗalibi da na kusa da shi ne. An riga an ƙayyade mutum nawa za su samu maki na sama, nawa na tsakiya, nawa na ƙasa. Ko duk ajin haziƙai ne, dole wasu su faɗo. Idan makaranta ta raba irin wannan tallafi ga mutane da yawa, tun ranar farko ta san ba dukansu za su riƙe shi ba.

Ita ce ta nuna mini inda ake dubawa. Ƙungiyar lauyoyin Amurka, ABA, wadda ke tantance makarantun, ta wajabta wa kowace ta wallafa wani rahoto duk shekara, ana ce masa 509. A ciki akwai adadin waɗanda suka shiga da tallafi mai sharaɗi, da adadin waɗanda aka rage wa ko aka janye wa. Akwai kuma wani rahoton dabam na inda ɗalibai suke aiki wata goma bayan sun gama, kuma layin da ya kamata ido ya tsaya a kai shi ne na masu cikakken aiki, mai ɗorewa, wanda sai mai lasisin lauya ke yinsa. Na buɗe na wannan makaranta a wayata a cikin jirgin ƙasa. Abin da na gani ya ishe ni. Na rubuta musu cikin ladabi na roƙi su cire sharaɗin, suka amsa cewa ba sa cirewa. Ko da ma sun cire, haya da abinci na shekara uku a garin da ban san kowa ba duk bashi zan ci.

Makaranta ta farko ma na rubuta musu, na haɗa da wasiƙar ta biyu a matsayin hujja. Wannan ba abin kunya ba ne, kowa na yi. Sun ƙara kaɗan, amma bai sauya lissafi ba.

Batun riba ma bai bar ni na yi barci ba. Na je wurin Malam bayan Juma'a, na faɗa masa komai da alƙaluma. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "'Yata, akwai wata hanya da za ki bi ki zama lauya ba tare da wannan ba?" Na ce akwai. Ya ce, "To ki fara tambayar kanki ko larura ce ta kai ki ga waccan ko sha'awa." Bai ƙara komai ba.

Wannan hanyar ita ce wasiƙa ta uku, daga makarantar lauya ta CUNY, wato jami'ar birnin New York, da ke yankin Queens, ta gwamnati. An buɗe ta a 1983 da nufin horar da lauyoyin talakawa. Ga mazaunin jihar New York kuɗinta bai kai dala 20,000 a shekara ba. Zan kwana a ɗakina, in ci tuwon Mama, in hau jirgi mai lamba 4 zuwa Grand Central, in canja zuwa mai lamba 7 in sauka a Court Square. Abin da na tara a shekara biyu na aikin tafinta ya isa shekarar farko har da ragowa.

Aikin tafintar nan shi ne asalin komai. Akwai wata safiya a kotun 'yan haya da ke titin Grand Concourse a Bronx da ba na mantawa. Wata dattijuwa 'yar zangon Kumasi tana zaune a benci a baranda, ta ƙulle takardunta a leda baƙa, rasit na shekara da shekaru. Lauyan mai gida ya zo da takarda da biro, yana magana da sauri, yana nuna mata inda za ta sa hannu. Ta riƙe biron. Na ce mata da Hausa, "Inna, dakata tukuna." Ta juyo ta kama hannuna kamar ta ga 'yarta. Takardar amincewa ce cewa za ta fita cikin 'yan makonni. Tun 2017 birnin ya yi doka cewa mai ƙaramin ƙarfi da ake neman kora daga gida yana da haƙƙin samun lauya kyauta, amma lauyoyin ba su wadata ba, kuma ita ba ta ma san da dokar ba. Iyakata in fassara. Ba ni da ikon ce mata kada ta sa hannu, sai dai na nemo mata wanda yake da ikon. A kotun shige da fice abin ya fi haka muni, domin can gwamnati ba ta ba mutum lauya ko da korarsa daga ƙasar za a yi.

Albashin wannan aiki bai kai rabin na Manhattan ba. Abokaina sun tuna mini cewa akwai shirin gwamnati tun 2007 da ke yafe ragowar bashi ga wanda ya yi shekara goma yana aikin gwamnati ko na ƙungiyar taimakon jama'a, bayan biya 120. Gaskiya ne, kuma mutane da yawa sun amfana. Amma lokacin da rukunin farko suka nemi yafiyar, wajen 2018, kusan kashi 99 cikin ɗari aka ƙi su kafin daga baya a gyara. Shekara goma kuma gwamnati na iya sauyawa sau biyu ko uku. Baba ma da alƙawarin hukuma ya dogara ya sayi lambarsa. Ban yi wata uku da yanke shawara ba, a ranar 4 ga Yuli 2025, aka sa hannu a dokar da ta soke wancan bashin gwamnati mai ruwan kashi 9.08, mai rufe dukan kuɗin karatu, ga sababbin ɗalibai daga Yulin 2026, ta ƙayyade wa masu karatun lauya dala 50,000 a shekara, 200,000 gaba ɗaya. Ƙannenmu da za su biyo baya, in suna son makarantu masu tsada, banki za su nufa don cike giɓin, kuma shi banki babu yafiya a tsarinsa.

Na san abin da na bari. Daga inda nake, ƙofar manyan kamfanonin nan ƙanƙanuwa ce ƙwarai, kuma da a ce can zuciyata take, da shawarar Kawu ce daidai, kuma da na ba wa duk mai wannan buri ita. Kawu ya yi wata biyu bai kira ni ba. Akwai dare ɗaya ko biyu da na sake buɗe wasiƙar farko na karanta, raina yana ciwo, domin na sha wahala kafin in same ta.

Ranar farko ta shiga aji, cikin watan Agusta, na shirya zan tafi tashar jirgi sai na tarar Baba ya tsayar da mota a ƙofar gida. Muka haye gada zuwa Queens ba wanda ya yi doguwar magana. Da muka isa ya riƙo hannuna ya yi mini addu'a, na shafa, na fita da jakata. Kafin in kai ƙofar makarantar wani mutum mai jan akwati ya ɗaga masa hannu, Baba ya fito ya buɗe but, ya ɗora akwatin, suka nufi hanyar filin jirgin sama.