Iskar da ke saman Maraɗi a damina

Iskar damina da muke ji a ƙasa daga kudu maso yamma take zuwa. Amma a sama, wajen kilomita 3 zuwa 4, wata iska ce ke kaɗawa daga gabas, gudunta ya kan kai mita 10 zuwa 15 a daƙiƙa. Zafin Sahara da sanyin gaɓar tekun Gini ne ke haifar da ita. A cikinta ake samun igiyoyin iska, masu kama da igiyar ruwa, da ke tayar da hadari duk bayan kwana 3 zuwa 5.

Matsayinta ne abin lura. In ta hau arewa a watan Agusta, Maraɗi kan samu ruwa sosai. A shekarun fari irin 1984 kudu ta tsaya, gero ya ƙone a gona. Da balan-balan mai ɗauke da na'ura ake auna ta daga Yamai.